Yadda Ake Bin Sawun Kifaye Mafarauta a Gaɓar Teku da Na'urar Sauti

Barakuda, kuroka, jan sinafa, tafon da babban kifin nan da 'yan kasuwar Legas ke kira shaininos su ne manyan mafarautan gaɓar tekun Najeriya, mai tsawon kusan kilomita 850. Su ne kuma masu tsada a kasuwa, don haka su kamu ke fara ƙararwa. Wanda zai ba da shawarar rufe wani mashigi a lokacin hayayyafa, ko hana yasar yashi a wani lungu, dole ya san inda kifin ke wuni, inda yake kwana, da watan da yake barin tafki ya fita teku. Masunci ya san inda kifi ke kamuwa. Inda yake a sauran kwanakin shekara shi ne abin da wannan aiki ke nema.

GPS ba ya aiki a ƙarƙashin ruwa, ruwan gishiri kuma yana shanye siginar rediyo tun ba ta yi nisa ba. Sauti ne ke tafiya, kusan mita 1,500 a daƙiƙa. Saboda haka ake dasa wa kifi wata 'yar na'ura a ciki, mai fitar da sauti da kunnen mutum ba ya ji, galibi a kan kilohaz 69 (kilohaz ma'aunin kaifin sauti ne), kamar dai ƙararrawar da makiyayi ke rataya wa sa. Kowace ƙararrawa da lambarta. A cikin ruwa kuma ana kafa na'urorin saurare, duk wadda ta ji lamba sai ta rubuta ta da rana da lokaci. Za mu ɗauki tafkin Legas da mashigarsa a matsayin filin aiki, domin duk matsalolin da ake gamuwa da su a bakin teku sun taru a can.

Fara da tambaya ɗaya

Kada ka sayi ko da igiya kafin ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya. "A wane wata shaininos ke fita daga tafki zuwa teku?" tambaya ce da na'urori shida zuwa takwas a mashigi za su amsa. "Wane sashe na tafkin ya fi zama?" tana bukatar na'urori a warwatse cikin tafkin, ashirin ko fiye. "Ina yake zuwa bayan ya fita teku?" kuwa ta fi ƙarfin ƙungiya ɗaya. A Afirka ta Kudu sai da cibiyar binciken halittun ruwa ta SAIAB da ke garin Makhanda ta kafa jerin na'urorin saurare na haɗin gwiwa a 2011, daga yankin Cape Town har kudancin Mozambik, sannan aka gano cewa babban kifin Caranx ignobilis yana taruwa kowace shekara kusa da Ponta do Ouro a kudancin Mozambik, kuma wasunsu suna yin tafiyar fiye da kilomita 600 tsakanin wurin taron da inda suke zama.

Zaɓi nau'in kifi ɗaya. Kifi 20 zuwa 30 na nau'i ɗaya sun fi kifi biyar-biyar daga nau'i shida amfani nesa ba kusa ba, domin daga cikin waɗanda ka saka wa ƙararrawa wasu za su mutu, wasu za su shiga koma, wasu za su bar wurin a makon farko ba za ka sake jin su ba.

Izini da kaya

Kana bukatar amincewar kwamitin kula da haƙƙin dabbobin bincike na jami'arka ko cibiyarka, da izinin sashen kula da kamun kifi. Duk abin da za ka nutsar a hanyar jiragen ruwa ta tashar Legas sai da sanin hukumar tashoshin jiragen ruwa ta NPA, a cikin tafki kuma hukumomin kula da hanyoyin ruwa, NIWA ta tarayya da LASWA ta jihar Legas, ne ke da ruwa da tsaki. Cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Victoria Island ita ce wurin da ya kamata ka fara neman abokan aiki da bayanan ruwan yankin.

Kamfanonin da aka fi sani da waɗannan na'urori su ne Innovasea, wanda sashensa na wannan aiki a da ake kira Vemco, da Lotek, dukansu suna ƙera su a Kanada, sai Thelma Biotel a Norwe. Ka tabbatar ƙararrawa da na'urar saurare suna amfani da tsarin lambobi ɗaya. Daidaituwar kilohaz 69 kaɗai ba ta wadatar ba, na'urar wani kamfani tana iya jin sautin ta kasa fassara lambar. Batiran na'urorin na litiyam ne, shigo da su yana da ƙa'idoji kuma yana ɗaukar lokaci a kwastan, don haka ka yi oda watanni kafin lokacin da kifin ke samuwa.

Girman ƙararrawa ya danganta da girman kifi. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce nauyinta kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin kifin. Mai kaurin milimita 13 tana da nauyin kusan giram 11, ke nan kifin ya kai aƙalla giram 550, gara ma ya haura kilo ɗaya. Mai milimita 9 ta ƙananan kifaye ce, batirinta watanni ne zuwa shekara da 'yan kai. Mai milimita 16 ta manya ce, kuma ana iya saita ta ta kai shekara goma. Akwai masu auna zurfi da zafin ruwa. Sun fi tsada, amma ko kifi biyar ne a saka musu irin wannan, domin zurfi ne ke nuna maka ko kifin yana raye.

Sannan akwai tazarar kira, wadda kamfani ke saita maka kafin a turo kayan, kuma ba ta canzuwa bayan an ɗinke ciki. Kowane kira yana ɗaukar kusan daƙiƙa uku. Idan kira biyu suka haɗu a kunnen na'ura ɗaya, dukansu sun lalace. Shi ya sa ake sa tazarar ta riƙa sauyawa, misali tsakanin daƙiƙa 60 zuwa 120. Duk da haka yi lissafi: da matsakaiciyar tazara ta daƙiƙa 90, idan kifi goma suka taru kusa da na'ura ɗaya, kusan rabin kiran zai ɓace, idan ashirin ne kusan kashi uku cikin huɗu. Kifi mai tafiya garke-garke yana bukatar tazara mai tsawo, daƙiƙa 120 zuwa 180. Kifi mai wucewa da gudu ta mashigi yana bukatar gajera. Ba za ka samu duka biyun ba, tambayarka ce za ta raba gardama.

Gwajin nisan ji

Wannan ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ke rushe bincike. Shirun na'ura ba ya nufin kifi ba ya nan. Yana iya kasancewa mita 200 daga na'urar, ita ce ta kurmance a wannan sa'ar. Idan ba ka san yaushe take ji da yaushe take kurmancewa ba, abin da za ka kira ɗabi'ar kifi ɗabi'ar ruwa ce kawai.

Ka kafa na'urar saurare ɗaya a wurin da kake son aiki. Ka nutsar da ƙararrawar gwaji, mai ƙarfi ɗaya da waɗanda za ka saka wa kifi, a nisan mita 50, 100, 200, 300, 400 da 600, kowacce a ɗaure a igiya kamar mita ɗaya daga ƙasa. Idan ƙararrawar gwaji ɗaya gare ka, juya tsarin: ita a wuri ɗaya, na'urorin saurare a jere a waɗannan nisan. Wannan ma ya fi, domin babu karon kira. Ka bar su aƙalla kwana 15, saboda teku yana cika yana janyewa sau biyu a rana, kuma ƙarfin hakan yana hawa da sauka da wata: ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da cikarsa, ya yi sanyi a tsakani. Bayan an ciro, ka raba yawan kiran da aka ji da yawan kiran da aka yi, sa'a bayan sa'a. Nisan da ake jin rabin kira a mafi munin lokaci shi ne nisan da za ka yi aiki da shi. A buɗaɗɗen teku mai natsuwa yana iya kai mita 500 ko fiye. A cikin tafki marar zurfi mai laka, kada ka yi mamaki in ya tsaya a 200.

Abubuwan da ke rage ji sanannu ne. Iska da ruwan sama suna cusa kumfa a saman ruwa, kumfa kuwa tana shanye sauti. Injin jirgi da injin yasar yashi suna cika ruwa da hayaniya. Wasu ƙananan jatan lande masu ɗas-ɗas da ƙafarsu sun fi yin ƙara da dare, sai na'ura ta riƙa ji sosai da rana ta rage da dare, mai bincike kuma ya rubuta cewa kifi yana barin wurin in duhu ya yi alhali bai motsa ba. A mashigi, ruwan daɗi yana hawa kan ruwan gishiri ba su gauraya ba, wannan iyakar tana karkatar da sauti, kifin da ke sama ba ya jiyuwa ga na'urar da ke ƙasa. Akwai kuma akasin haka: kusa da bangon dutse ko ƙafar gada, a ruwa mai natsuwa, ƙararrawa mai ƙarfi tana yin amsa-kuwa, na'urar ta ruɗe ta kasa karanta kifin da ke dab da ita, tana kuwa jin na nesa.

Tafkin Legas ruwa biyu ne a shekara. Da damina kogin Ogun da sauran rafuka suna turo ruwan daɗi da laka da kainuwa, gishiri ya yi ƙasa ƙwarai. Da rani ruwan teku yana shigowa ta mashigin Commodore, gishiri ya hau. Gwajin watan Janairu ba ya wakiltar watan Yuli, dole a yi shi sau biyu. Bayan haka ka bar ƙararrawar gwaji ɗaya a kafe kusa da kowane muhimmin rukunin na'urori har ƙarshen aikin, da tazarar kira mai tsawo kamar minti goma don kada ta riƙa karo da na kifi. Ita ce shaidarka: duk ranar da ba a ji ta ba, ba ka da ikon cewa komai game da kifin a wannan ranar.

Jera na'urori

Don tare mashigi, jera na'urori daga gaɓa zuwa gaɓa yadda jin kowacce zai shiga cikin na maƙwabciyarta. Yi lissafin da gudun kifi. Idan nisan ji mita 300 ne, kifin da ya bi ta kan na'urar yana cikin jinta na tsawon mita 600. A gudun mita ɗaya a daƙiƙa, minti goma ke nan, kira shida ko bakwai. Idan janyewar teku ta tura shi gudun ya ninka, kira uku ne, rabinsu kuma ba za a ji ba. Wanda ya bi ta gefen da'irar bai samu ko wannan ba. Shi ya sa tazarar na'urori biyu a layi kada ta wuce nisan ji da yawa: in ji ya kai 300, a bar mita 350 zuwa 400 a tsakani.

Layi ɗaya yana gaya maka kifi ya zo mashigi, ba ya gaya maka ko ya fita. Sai da layi biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, a raba su da nisan da ya wuce ninki biyu na nisan ji, don kada su ji kira ɗaya tare. Na ciki sannan na waje, ya fita. Na waje sannan na ciki, ya dawo. Sauran na'urorin a rarraba su bisa irin muhalli: bakin itatuwan mangurob masu tsirowa a ruwan bakin teku, ƙafafun gada, rami mai zurfi, fili mai laka, da tarin rassan da masunta ke kafawa don tara kifi. Ka saka wasu a wuraren da kake zaton kifin ba ya zuwa. In ba haka ba, sakamakonka zai maimaita maka zatonka ne kawai.

Kafa su a ruwa

Siminti yana rasa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa a ruwa, ƙarfe kuwa kusan kashi 13. Bulon siminti mai kilo 50 bai fi kilo 30 ba a ƙasan ruwa, igiyar ruwa mai ƙarfi za ta ja shi. A wuri mai natsuwa kilo 60 na siminti ya isa. A mashigi a yi amfani da guntun tsohon ƙarfen dogo ko babbar sarƙa, kilo 80 zuwa sama. Daga nauyin a ɗaura igiya mai kaurin milimita 12 zuwa 14, a samanta a sa boya, wato ƙwallo mai tasowa a ruwa, mai tauri da za ta tsaya a ƙarƙashin ruwa ta miƙar da igiyar. Na'urar a ɗaure ta a jikin igiyar, mita ɗaya zuwa biyu daga ƙasa, kunnenta yana kallon sama, boyar kuma ta yi nisa da kunnen da aƙalla mita ɗaya don kada ta yi masa inuwa. A ɗaure da maɗaurin roba huɗu ko biyar masu kauri, a ƙara wata 'yar igiya ta tsaro.

Kada ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe kusa da na'urar, ƙarar sarƙa tana toshe ji. Kada ka haɗa bakin ƙarfe marar tsatsa da ƙarfe mai rufin zinki a maɗauri ɗaya, ruwan gishiri zai cinye ɗayan cikin watanni, kayan su tafi. Kada kuma ka bar boya a saman ruwa, jirgi zai yanke ta ko wani ya ɗauka. Inda zurfi bai wuce mita biyu ba, wanda haka yawancin tafkin yake, ya fi sauƙi a kafa bututun ƙarfe cikin laka a ɗaure na'urar a jikinsa. Don ciro ta daga baya, miƙa igiya mai nutsewa tsawon mita 30 daga nauyin zuwa wani ƙaramin anga, ka ɗauki GPS na bakin biyu, ranar ciro sai a ja ƙugiya a tsakaninsu. A wuri mai zurfi akwai na'urori irin su VR2AR da ke sakin kansu su taso in an aika musu umarni daga jirgi.

Kafin nutsarwa: sabon batir, a shafa wa zoben robar murfin mai, a daidaita agogon na'urar da kwamfuta, a kusanto da ƙararrawar gwaji a ga ta karanta. A rubuta lambar na'ura, wuri, zurfi da lokacin nutsarwa a takarda. A naɗe jikinta da salatif, ban da kunnen, don in kawa da gansakuka sun manne a ɓare su tare da shi. A ɗaura ƙaramar na'urar auna zafi da gishiri a wurare uku ko huɗu, domin ba tare da ita ba za ka ga kifi ya tashi amma ba za ka san abin da ya tashe shi ba.

Duk wannan ba zai tsira ba in masuntan wurin ba su san da shi ba. Ka zauna da shugabanninsu tun kafin a jefa komai, ka nuna musu na'urar su riƙe ta a hannu, ka bayyana cewa ba kyamara ba ce kuma ba ta da tagulla a ciki. Ka ɗauki wasunsu aiki a matsayin matuƙa da masu kamu. Sun fi ka sanin inda koma ke bi, kuma nan ne bai kamata ka kafa komai ba.

Kamu da tiyata

Kama kifin da fatsa, da ƙugiya mai lanƙwasa ciki wadda aka danne mata ƙayar baki, domin ita ce ke kama gefen baki maimakon maƙogwaro. Yi amfani da igiya mai ƙarfi a jawo shi da wuri, kifin da ya yi minti ashirin yana kokawa a ruwa mai ɗumi ya riga ya galabaita. Kifin da ya kwana a raga bai dace ba. Wanda ya haɗiye ƙugiya, ko yake zubar da jini ta wurin numfashi, shi ma a bar shi. Kuroka da sinafa suna da jakar iska a ciki, in an jawo su daga zurfin da ya wuce mita 10 zuwa 15 tana kumbura, ciki ya yi tauri, wani lokaci tumbi ya leƙo ta baki. Ka nemi kifinka a ruwa marar zurfi. Sassafe ya fi, kafin rana ta ɗumama ruwan baho.

Kowa ya san aikinsa kafin kifi ya shigo jirgi: mai yanka, mai riƙo da ba da ruwa, mai rubutu. Ƙararrawa tana zuwa da ɗan maganaɗisu manne a jikinta, cire shi ne ke kunna ta. A cire, a tabbatar na'ura ta karanta lambar, a rubuta, sannan a jiƙa ta da kayan aiki a maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauraye da ruwan gishirin asibiti. An sha ɗinke kifi da ƙararrawar da ba a kunna ba.

Maganin sa barci mafi sauƙin samu shi ne man kanumfari, kusan miligiram 40 a kowace lita. Ba ya narkewa a ruwa shi kaɗai, sai an gauraya kashi ɗaya da kashi tara na sifirit mai tsabta. Ga baho mai lita 50: mililita 2 na man, mililita 18 na sifirit, a kaɗa sosai. Ruwan bahon daga inda aka kama kifin za a ɗebo shi, a sa injin hura iska. Cikin minti biyu zuwa huɗu kifin zai kife, numfashinsa ya yi a hankali, in an matsa wutsiya ba ya motsi. Idan ya kife cikin ƙasa da minti ɗaya maganin ya yi yawa, a ƙara ruwa. Idan numfashi ya tsaya, a mayar da shi ruwa mai tsabta nan take. Kifin shak ba ya bukatar magani: in aka juya shi rigingine a gefen jirgi yana sandarewa, a yi aikin yayin da kansa yake cikin ruwa.

A kwantar da kifin rigingine a kan katifar soso mai kwari a tsakiya, jiƙaƙƙiya, a rufe idonsa da jiƙaƙƙen tsumma, a sa bututu a baki ruwa yana bi ta wurin numfashi ba tsayawa. Hannu da safar hannu su kasance a jiƙe, yauƙin jikinsa shi ne garkuwarsa daga cuta. A auna tsawo. A cire ɓawo layi ɗaya a ciki, ɗan gefe da tsakiya, tsakanin fukafukan ciki da dubura. A yanka santimita 2 zuwa 3, daidai yadda ƙararrawar za ta shige, a ɗaga fatar da hantsaki yayin yankan don wuƙa kada ta taɓa hanji. A tura ƙararrawar ta yi gaba wajen kai, kada ta kwanta a kan yankan, in ba haka ba za ta riƙa dannan ɗinkin har ta fito. A ɗinke da ɗinki biyu ko uku, kowanne da ƙullinsa, da zaren tiyata mai silili ɗaya wanda ke narkewa, lamba 2-0 ko 3-0. Zare mai saƙa yana jan ƙwayoyin cuta zuwa cikin rauni. Ƙulli ya haɗa bakin fata kawai, in an matse ya yi yawa fatar za ta kumbura zaren ya yanke ta. Daga kwantarwa zuwa gamawa kada a wuce minti biyar, kuma duk wanda zai riƙe wuƙa ya fara koyo a kan matattun kifaye daga kasuwa har hannunsa ya faɗa.

A ƙarshe a soka alamar roba mai launi a gindin ƙayar baya, da lamba da lambar wayar aikin. A riƙe kifin a ruwa mai tsabta, kansa yana fuskantar igiyar ruwa, har ya miƙe da kansa ya fara fizgewa. A sake shi a inda aka kama shi. Tukuicin dawo da ƙararrawa kada ya kai kuɗin kifin a kasuwa, in ya kai ka mayar da kifinka abin farauta. A sanar da masunta cewa kifin da aka saka wa magani bai kamata a ci shi ba a makonnin farko.

Bi da jirgi

Na'urorin da ke kafe suna ba da labarin watanni, amma a dunƙule. Don ganin motsin sa'a-sa'a, ana saka wa kifi biyu ko uku ƙararrawa mai kira ba tsayawa, a bi su da jirgi da na'urar hannu irin VR100 mai kunnen da ke nuna shiyya. A rubuta wuri kowane minti 10 ko 15 na tsawon awa 24 zuwa 48, a tsaya aƙalla mita 50 daga kifin don inji kada ya kore shi. Irin wannan ƙararrawa kada ta kasance a kan kilohaz 69, za ta toshe duk na'urar saurare da ta kusanta.

Na'urar tauraron ɗan'adam mai ɓallewa daga jikin kifi ta taso sama ta dace da manya irin tafon da ke nisan tafiya, amma tana ƙiyasta wuri ne daga tsawon rana, kuma a kusa da tsakiyar duniya inda Legas take tsawon rana ba ya canzawa sosai, kuskuren yana kai gomman kilomita. Ba ta da amfani ga tambayar cikin tafki.

Ɗebo bayanai da tace su

Batirin na'urar saurare irin VR2W yana kai kusan wata 15, amma kada ka jira haka. A ruwa mai ɗumi kawa tana rufe kunnen na'ura cikin 'yan watanni. Kowane wata biyu ko uku a ciro, a kankare da cokalin katako, a sauke bayanai ta Bluetooth, a duba igiya da maɗauri, a sake daidaita agogo. Na'urar da ta ɓace ta tafi da duk abin da ta ji tun ziyarar ƙarshe. Ajiye ainihin fayil ɗin a wuri biyu, kada a taɓa shi, a yi aiki da kwafi.

Agogon na'ura yana zamewa a hankali, manhajar kamfanin tana gyara wannan in agogon kwamfutarka daidai yake. Lokacin da ke cikin fayil na UTC ne, wato agogon GMT, Najeriya tana gaba da awa ɗaya. Wanda ya manta da wannan zai ɗora motsin asuba a kan duhun dare.

Karon kira yakan haifar da lambar ƙarya, wani lokaci ta yi daidai da lambar kifinka. Kada ka yarda da ji guda ɗaya tilo. Ƙa'idar da aka saba ita ce a samu ji na biyu a na'ura ɗaya cikin ninki 30 na tazarar kira, wato minti 45 ga tazarar daƙiƙa 90. Sannan ka duba gudu: kifin da aka ji a wurare biyu masu nisan kilomita goma cikin minti biyar, ɗayan ƙarya ne. Ka zana tarihin kowane kifi ka kalle shi da ido. Lambar da ke kira dare da rana a na'ura ɗaya tsawon makonni, zurfinta ba ya canzawa sai da cikar teku da janyewarsa, ƙararrawa ce kwance a laka: kifin ya mutu ko ya fitar da ita. Wanda ya canza gudu da zurfi farat ɗaya, bayan 'yan kwanaki ya tsaya cak, wani babba ne ya haɗiye shi. Kwana biyu na farko bayan tiyata a ware su, kifin bai dawo hayyacinsa ba.

Daga nan lissafin ba shi da wuya. Raba kwanakin da aka ji kifi da kwanakin da ake saurare, ka samu ma'aunin zamansa a wurin, amma ka cire ranakun da na'ura ba ta cikin ruwa da ranakun da ba a ji ƙararrawar gwaji ba. Jera ji bisa sa'ar rana, matakin cikar teku, tsayuwar wata da cikarsa, da yawan gishiri. A bakin kogin Great Fish na Afirka ta Kudu, irin wannan jeri ne ya nuna cewa ƙananan Argyrosomus japonicus, ɗan uwan kuroka, suna hawa kogi da cikar teku su sauko da janyewarsa. Manhajar lissafi ta R tana da kayan aiki kyauta na wannan, irin su actel da glatos. Ka tuna cewa abin ƙirgawa shi ne kifi: ji dubu ɗari daga kifi uku labarin kifi uku ne.

Idan bayananka sun nuna wurin da manyan kifaye ke taruwa don hayayyafa, kada ka buga ainihin wurin a taswira. Kai shi ga hukumar kamun kifi da shugabannin masunta a fara maganar kariya tukuna, a rahoton da kowa zai gani kuma a nuna yankin a dunƙule. Lambobin ƙararrawarka kuwa ka yi musu rajista da Ocean Tracking Network da ke Jami'ar Dalhousie a Kanada, tare da nau'in kifi, tsawonsa, ranar saki da ranar da batir zai mutu, domin ƙararrawa mai shekara goma za ta ci gaba da kira bayan kuɗin aikinka sun ƙare, kuma duk wanda na'urarsa ta ji ta a wata gaɓar ta wannan rajistar ce zai gano mai ita.